Fitar da tsabar rubutu daga shafukan intanet: jagora ga mai farawa

Kwanakin baya wani ɗalibi ya kawo mini fayil ɗin da ya shafe makonni yana tarawa. Labaran Hausa ne dubbai, ya jawo su daga shafukan jaridu don ya yi nazarin kalmomin aro, har ya riga ya fitar da jadawalin kalmomin da suka fi yawa. Na ce masa ajiye jadawalin tukuna, buɗe mini labari ɗaya in karanta. Ya buɗe. Bayan kanun labari sai "Latsa nan don sauraro", sai sakin layi biyu na ainihin labarin, sai jerin kanun wasu labarai goma da babu abin da ya haɗa su da shi. Muka buɗe shafin na asali muka ƙirga, sakin layi tara ne, bakwai sun salwanta. Kuma duk inda marubuci ya rubuta "ƙasa", a fayil ɗinsa "asa" ce. Bai taɓa buɗe ko labari ɗaya ya karanta ba, domin manhajar ba ta taɓa nuna masa alamar kuskure ba.

Ba shi ne na farko ba, kuma kusan a wuri ɗaya duk suke tuntuɓe, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Manhajar tace rubutu ba ta kuka idan ta yi ɓarna. Ko tsaba ta ba ka ko ƙaiƙayi, fayil za ta miƙo maka ta yi shiru.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Python, ko da tsohuwa ce, da wurin ajiya mai ɗan yalwa. Don jawo shafuka, requests ta isa idan aikin ƙarami ne, idan kuma babba ne ka koyi Scrapy. Don tacewa, wadda nake fara ba kowa ita ce trafilatura, wadda Adrien Barbaresi ya rubuta a cibiyar kimiyya ta Berlin-Brandenburg da ke Jamus. Akwai kuma Readability, wadda kamfanin Arc90 ya fara fitarwa a 2009, jikarta ce ke aiki idan ka latsa yanayin karatu a Firefox. Akwai jusText ta Jan Pomikálek, da newspaper3k da 'yarta newspaper4k. Ka tanadi Beautiful Soup don shafukan da sai ka sa hannu da kanka, da ftfy don gyaran haruffan da suka dagule. Playwright kuma ka bar ta a aljihu, za mu zo kanta. Abu na ƙarshe, littafin rubutu ko fayil ɗaya da za ka riƙa rubuta duk abin da ka yi da ranar da ka yi shi, don bayan wata uku ba za ka tuna ba.

Mataki na 1: Yanke shawarar abin da kake nema

Kafin ka taɓa manhaja, rubuta a takarda abin da kowane labari zai zo da shi. Nawa jerin ga shi: adireshin shafin, kanu, ranar wallafawa, sunan marubuci idan akwai, jikin labari, da ranar da na jawo shi. Sai tambayoyin da masu farawa ke tsallakewa. Bayanin ƙarƙashin hoto yana cikin labari ko a'a? Ƙananan kanu na tsakiya fa? Jadawali fa? Mai nazarin harshe da mai bin diddigin farashin masara ba amsa ɗaya za su bayar ba, na farkon jadawali shara ne a wurinsa, na biyun kuwa shi ya zo nema. Idan ba ka yanke ba, manhaja za ta yanke maka, kuma ba lalle hukuncinta ya zo iri ɗaya a kowane shafi ba.

Mataki na 2: Yi sallama kafin ka shiga

Kusan kowane gidan intanet yana da ɗan fayil mai suna robots.txt, ka ƙara sunan a ƙarshen babban adireshin ka buɗe. A nan masu gidan ke faɗin ɗakunan da suka yarda na'ura ta shiga da waɗanda suka hana. Martijn Koster ne ya kawo wannan al'ada a 1994, aka tabbatar da ita a rubuce a matsayin RFC 9309 a 2022. Ka bi abin da ya ce.

Amma kada ka ɗauka cewa tunda an bar ka ka shiga, an ba ka kayan ɗakin. Labarin jarida yana da mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare shi kamar yadda dokokin sauran ƙasashe ke kare nasu. Tara rubutu don nazarinka daban, sake wallafa shi ko rarraba shi daban. Karanta sharuɗɗan amfani na shafin. Idan za ka raba abin da ka tara, rubuta wa editan wasiƙa ka nemi izini, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da shi. Sau da yawa wasiƙa ɗaya tana rage maka aikin wata guda, don wani editan zai ce ga hanya mafi sauƙi.

Mataki na 3: Tara adireshi ta hanyar da masu gidan suka shimfiɗa

Mai farawa yakan saki na'ura a shafin farko ta yi ta bin duk mahaɗin da ta gani. Sai ta faɗa shafukan rukuni da na marubuta da na bincike, ta yi ta zagaye kamar jakin da ya ɓace a kasuwa. Nemi sitemap.xml tukuna, wato taswirar gidan, yawanci ma an ambace ta a cikin robots.txt. Nemi kuma RSS don sababbin labarai. Trafilatura tana iya karanta su duka biyun ta jero maka adireshi. Idan an gina shafin da WordPress, gwada ƙara /wp-json/wp/v2/posts a ƙarshen adireshin, domin idan ba a rufe wannan ƙofa ba za ka samu kanu da rana da jikin labari kowanne a gurbinsa, rabin aikin ya ƙare ke nan.

Ka share jerin kafin ka fara jawowa. Yanke wutsiyoyi irin su utm_source da ake maƙala wa adireshi don ƙirga baƙi, ka kuma lura da masu ƙarewa da /amp, don kwafin labari ɗaya ne.

Mataki na 4: Jawo a hankali, ka kuma ajiye ɗanyen shafin

Wannan shi ne matakin da na fi matsa wa kowa a kai, domin ni ma ya ƙona ni. Farkon shigata wannan aiki na rubuta shirin da ke jawo shafi, ya tace shi nan take, ya ajiye tacaccen rubutun, ya jefar da sauran. Na yi kwana da kwanaki ina ƙona data da man janareta. Daga baya na gano cewa shirin yana yanke duk maganar da aka sa cikin akwati na musamman a tsakiyar labari, wato kalaman mutanen da aka zanta da su, waɗanda su ne ma na fi so. Gyaran layi biyu ne. Amma tunda ban ajiye ɗanyen shafukan ba, dole na koma na sake jawo komai, kuma kafin lokacin wani gidan ya sauya fasalinsa, wasu tsofaffin labaran ma sun ɓace ɗungurungum.

Don haka ka raba aikin gida biyu. Shiri ɗaya ya jawo shafi ya ajiye HTML ɗinsa yadda ya zo, ba tare da taɓa ko harafi ba. Shiri na biyu ya tace daga abin da ke cikin kwamfutarka, ko babu intanet. Ta haka za ka iya sake tacewa sau goma ba ka kashe sisi ba. Idan aikin babba ne ka ajiye a tsarin WARC, wanda Internet Archive da Common Crawl ke amfani da shi. Idan ƙarami ne, matsattsun fayiloli a babban fayil ɗaya sun wadatar.

Wajen jawowa kuma, sa tazarar daƙiƙa biyu ko uku tsakanin buƙata da buƙata. Ƙananan jaridu ba su da uwar garke mai ƙarfi, na'urarka kaɗai tana iya durƙusar da shafin ga sauran masu karatu. Sa sunan aikinka da hanyar tuntuɓarka a shaidar da shirin ke gabatarwa, kada ka yi shigar burtu. Kuma ka rubuta lambar amsar kowane shafi: 200 lafiya, 404 babu shafin, 403 an hana ka, 429 ka cika gaggawa. Idan ka ga 429 ka dakata ka rage gudu. Na sha ganin fayil cike da ɗaruruwan "labarai" waɗanda duk saƙon hana shiga ne, an ajiye su an ƙirga su cikin adadi.

Ka tsara shirin yadda idan wuta ta ɗauke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ba sai na yi dogon bayani a kan dalili ba.

Mataki na 5: Tabbatar labarin yana cikin abin da ka jawo

Buɗe ɗanyen fayil ɗaya, ka nemi wata jimla daga tsakiyar labarin. Idan ba ta nan, shafin yana cikin waɗanda sai JavaScript ya yi aiki rubutu ke bayyana, kuma babu manhajar tacewa da za ta fitar da abin da babu. Duba da kyau tukuna, don sau da yawa labarin yana nan a dunƙule cikin JSON a ƙasan shafin. Sai idan wannan ya faskara za ka ɗauko Playwright, wadda ke buɗe shafin kamar yadda mutum zai buɗe. Tana da nauyi, tana cin data, don haka kada ka fara da ita.

Mataki na 6: Tace, amma ka san yadda rariyar take

Shafin labari yawancinsa ba labari ba ne: jerin rukunai a sama, talla, maɓallan rabawa, "Labarai masu alaƙa", bayanin haƙƙin mallaka a ƙasa. Manhajar ba ta jin Hausa, ba ta ma karanta komai. Hasashe take yi da alamomi. Readability tana ba sakin layi maki gwargwadon tsawonsa da yawan waƙafinsa, ta rage maki idan sunan sashen ya yi kama da na talla ko na gefen shafi, sannan ta zaɓi sashen da ya fi tara maki. Kusan dukkansu suna auna yawan mahaɗai: wurin da rabin kalmominsa abin latsawa ne, da wuya ya zama labari. Trafilatura tana da nata ƙa'idoji, idan kuma abin da ta samu ya yi kaɗan sai ta gwada dabarun Readability da jusText ta kwatanta.

Ita jusText da wata dabara ta zo, kuma a nan mai aikin Hausa zai buɗe ido. Tana ƙirga ƙananan kalmomin da magana ba ta tafiya sai da su. Jimla ta gaske cike take da su, jerin maɓallai kuwa babu. A Hausa su ne irin su da, a, na, ta, ya, ba, ne, ce, kuma, cikin, wanda. Idan ka ba ta jerin na Ingilishi kamar yadda ka gani a misalin da ka kwafa, za ta duba sakin layin Hausa lafiyayye ta ga babu kalmomin da ta sani, ta zubar da shi a matsayin shara. Haɗa naka jerin: ɗauki labarai masu tsabta, ƙirga kalmomi, ɗebi ɗari biyu ko uku na sama, ka bi su da ido ka cire sunaye.

Wani tarkon kuma salon rubutunmu ne. Kafofin da asalinsu rediyo ne sukan rubuta labari jimla ɗaya ɗaya, kowace a sakin layinta. Manhajar da ke zargin gajeren sakin layi za ta riƙa tsinke su, musamman na farko da na ƙarshe. Trafilatura tana da zaɓi biyu: favor_precision, wanda ke tsananta tacewa ko da wani abu mai kyau zai bi shara, da favor_recall, wanda ke sassautawa ko da ɗan ƙaiƙayi zai shigo. Ga irin waɗannan shafuka na fi son sassautawa, in bi da kaina in cire maimaitattun layuka daga baya. Abin da ya shigo ina iya cire shi, wanda ya fita kuwa ba zan ma san ya fita ba.

Ka kuma kashe include_comments, don a kunne take zuwa. Maganganun masu karatu a ƙasan labari suna gauraya harshen jarida da na hira, kuma sukan ƙunshi sunaye da lambobin wayar mutane. Tara irin wannan ya shiga hurumin dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023, kuma ko babu doka ba naka ba ne.

Idan gidaje uku ko huɗu kawai kake aiki a kansu, kada ka raina aikin hannu. Duba tsarin shafin, gano sashen da labari ke zama, ka nuna wa Beautiful Soup shi kai tsaye. Ya fi hasashe daidai, illarsa kawai ranar da suka sauya fasali zai karye.

Mataki na 7: Tsare haruffa masu lanƙwasa

A nan rubutun Hausa ya fi jikkata. Ɓarnar iri uku ce, kowace da alamarta.

Ta farko, ka buɗe fayil ka ga "Æ™asa" a maimakon ƙasa, ko "É—an" a maimakon ɗan, ko "É“arawo". An rubuta shafin da UTF-8, inda ƙ ke cin gurbi biyu, sai aka karanta shi da tsohon tsarin Turai wanda ke ɗaukar kowane gurbi harafi guda. Requests tana jawo wannan: idan uwar garke ba ta faɗi tsarin haruffanta ba, sai ta ɗauka ISO-8859-1 ne. Maganin shi ne ka ajiye response.content, ba response.text ba. Idan ɓarnar ta riga ta auku, ftfy takan warware ta. Excel ma yana yin haka idan ka buɗe CSV kai tsaye, ka ga kamar fayil ya lalace alhali lafiyarsa lau. Ajiye da utf-8-sig idan dole sai Excel, ko ka koma JSON, layi ɗaya labari ɗaya.

Ta biyu ita ce ta ɗalibin nan. Ya kwafo 'yan layukan "tsabtace rubutu" da aka rubuta don Ingilishi, masu zubar da duk harafin da ba ya cikin a zuwa z. A Faransanci é takan rabu ta bar e. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba k ko d da aka ɗora wa alama ba, don haka gaba ɗaya suke faɗuwa: ɗaki ya koma "aki", ƙarfi ya koma "arfi". Wata manhajar kuma, irin unidecode, miƙe lanƙwasar take yi, sai ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa. Wannan ta fi haɗari, don kalmomin da suka fito kalmomi ne na gaske masu wata ma'ana, ido ba zai kama ba.

Ta uku, alamar ɗauri. Mai share alamomin rubutu zai mai da 'ya'ya "yaya", ya mai da ma'aikata "maaikata" ko ya raba ta biyu. A Hausa wannan alama baƙi ce. Ga shi kuma tana zuwa da siffa uku a kwamfuta, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya da wadda Unicode ta ware a matsayin harafi, ido na ganinsu kusan ɗaya, na'ura na ƙirga su daban. Zaɓi ɗaya ka mai da sauran gare ta, amma ka yi hattara da inda aka yi amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. Ka tuna kuma Nijar na rubuta ƴan inda Najeriya ke rubuta 'yan. Ni ba na haɗe su a babban fayil, don bambancin kansa bayani ne.

Jaridu da yawa ba sa sa lanƙwasa tun asali. Kada ka ce za ka gyara musu da "nemo ka musanya". Bar rubutu yadda mai shi ya rubuta, ka dai ƙara gurbi da ke nuna ko labarin yana da lanƙwasa ko babu.

Mataki na 8: Rana da harshe

Kada ka ɗauki ranar da ido ke gani a shafi, wani lokaci ranar yau ce aka liƙa a sama, wani lokaci "sa'o'i 3 da suka wuce". Nemi datePublished a cikin bayanan JSON-LD da ke kan shafin, kada ka rikita ta da dateModified. Idan dole ka karanta daga rubutu, tanadi jerin watanni da duk yadda ake rubuta su, Fabrairu da Faburairu, Afrilu da Afirilu. Ajiye kowace rana a tsari ɗaya, shekara, wata, rana: 2021-04-03. Idan ka bar ta 03/04/2021, wata rana za ka rasa ko Maris ne ko Afrilu.

Wajen tantance harshe, langdetect tana da harsuna 55 kuma babu Hausa a ciki. Samfurin fastText mai harsuna 176 shi ma babu. Ba za su ce ba su sani ba, za su laƙaba wa labarinka Swahili ko Somaliyanci ko harshen Indonesiya, kai kuma ka zubar. Yi amfani da wadda ta san Hausa, kamar CLD3 ko GlotLID ko AfroLID.

Mataki na 9: Cire maimaici

Labari ɗaya yakan fito a adireshi uku, kuma ƙananan shafuka suna kwafe na manya su sauya kanu kawai. Fara da alamar canonical da ke kan shafi, wadda ke faɗin adireshin asali. Sai ka cire masu rubutu iri ɗaya sak. Ga masu kama da juna, dabarar MinHash ta Andrei Broder tana aiki, akwai ta a datasketch. Daga nan ƙirga layuka: duk layin da ya bayyana a ɗaruruwan labaran gida ɗaya, kamar "Ku biyo mu a shafukanmu", ka san ba marubuci ya rubuta shi ba.

Mataki na 10: Zauna ka karanta

Sa na'ura ta zaɓo maka labarai hamsin ba tare da ka sa baki ba, daga kowane gida da kowace shekara, don shafin 2014 da na 2023 na gida ɗaya ba lalle fasalinsu ɗaya ba. Buɗe asalin a hagu, tacaccen a dama. Duba jimlar farko, duba ta ƙarshe, ƙirga sakin layi, nemi kalma mai ƙ. Sannan jera dukan labaran bisa tsawo ka duba ƙarshen biyu: mafi gajarta galibi shafin bidiyo ne ko saƙon kuskure, mafi tsawo kuma galibi shafin rukuni ne da ya haɗiye labarai ashirin.

Daga cikin hamsin ɗin, kwafi ashirin da hannunka, daidai yadda kake so su fito, ka ajiye su a matsayin ma'auni. Duk ranar da ka sauya wani saiti ko ka sabunta manhaja, sake tace waɗannan ashirin ka kwatanta da na hannu kafin ka saki shirin a kan sauran.

Ɗalibin nan ya yi sa'a a abu ɗaya: ya ajiye ɗanyen shafukansa, ba don ya san amfaninsu ba, mantawa ya yi bai goge ba. Mun cire layukan tsabtacewar, muka sassauta rariyar, muka sake tacewa da yamma ɗaya. A sabon jadawalin "latsa" ta sauka daga sahun gaba, "ƙasa" ta koma wurinta.